Muryar Da Ke Ɗakin Wendell

Mai girma shugabar wannan taro, Anjali Deshmukh; 'yan majalisar gudanarwa na ƙungiyarmu ta Sandhill da ke zaune a sahun gaba; dattawan da suka kafa wannan aiki tun gashin kansu yana baƙi; masu haɗa manhaja, da masu gwada ta, da masu rubuta bayaninta, da masu haƙurin amsa tambayoyin jama'a; 'yan'uwa da suka tuƙo mota daga Winnipeg da Fargo da Thunder Bay cikin wannan dusar ƙanƙara; waɗanda jirgi ya sauke daga Seattle da Montreal suna ta rawar ɗari tun jiya; matan aure da mazan aure da aka jawo nan ba don suna so ba; iyayenmu mata na wannan coci da suka ba mu aron zaure; maza da mata, manya da ƙanana, ina gaishe ku gaisuwar girma, barkanmu da ganin wannan taro na shekara a garin Duluth.

Ina godiya ga shugaba da ta ba ni dama in yi magana kafin a jefa ƙuri'a, alhali ta san halina, ta kuma san ba na iya gajarta zance. Ina godiya ga waɗanda suka jera kujeru, da waɗanda suka share ƙanƙarar bakin ƙofa, da duk wanda ya zo da kwanon abinci daga gidansa. Wanda ya dafa kofin safiyar nan shi ma ina gode masa, Allah ya yafe masa, ruwan zafi mai launi ma ai abin sha ne. Ina kuma godiya ta musamman ga ɗan'uwa Garrett Pruitt, wanda ya kawo ƙudurin da na tashi in yaƙa. Na gode masa domin bai bi ta bayan gida ba. Ya rubuta abin da ke ransa, ya sa sunansa a ƙasa, ya zo ya zauna a inda zan iya kallon idonsa. Wannan halin mutanen kirki ne, kuma shi ne zai sa in yi masa ragargaza da ladabi.

Ga waɗanda ba su san ni ba, sunana Noreen Halvorsen. Ni ce tsohuwar da ke haɗa manhaja domin tsofaffin injunan kwamfuta, ƙananan nan masu tafiyar hawainiya da kamfanoni suka daina ƙerawa tun wasunku suna makarantar firamare. Ƙudurin da ke gabanmu ya nemi abu biyu. Na farko, a daina haɗa wa waɗannan injuna komai daga fitowar manhajarmu mai zuwa. Na biyu, a soke al'adar da muke kira ɗanɗano, a bar wa manhajar kwaikwayo aikin gwaji. Ni kuwa na tashi in ce a'a ga na farko, in ce a'a ga na biyu, kuma zan faɗi dalilina ɗaya bayan ɗaya.

Amma da yake akwai baƙi a cikinmu, bari in faɗi sana'armu a taƙaice, kada su koma gida suna cewa mahaukata suka tarar. Manhaja tana farawa ne da rubutu, wanda mutum ya zauna ya rubuta, wani mutum kuma zai iya karantawa. Inji ba ya cin wannan rubutu ɗanye. Sai an sarrafa shi, an juya shi zuwa abin da cikin injin ke karɓa, an ƙunshe shi, sannan a miƙa. Wannan shi ne haɗawa. To, tsohon inji ba shi da ƙarfin da zai haɗa wa kansa. In ka ba shi aikin, sai ka yi furfura bai gama ba. Saboda haka muke haɗawa a kan inji mai ƙarfi, mu aika wa mara ƙarfi. A nan ake dafawa, a can ake ci. Nawa injin haɗawar yana ƙarƙashin gidana, kusa da injin wanki, sunansa Alfadari, kuma ya ci sunansa.

Da yake mai dafawa daban, mai ci daban, waɗanda suka kafa ƙungiyar nan suka ɗora mana al'ada guda. Ba a sakin ƙunshi ga jama'a sai wani mutum mai rai, wanda yake da irin wannan inji a ɗakinsa, ya sa shi, ya yi aiki da shi, ya dawo ya ce ya ci. Ba hoton injin ba, ba kamarsa ba, shi kansa injin, da ƙurarsa da tarinsa. Wannan shi ne ɗanɗano. Al'ada ce mai jinkirta aiki, na sani. Al'ada ce mai ban haushi ranar da ake sauri, na sani. Amma ban taɓa ganin uwar gida ta aika da miya gidan maƙwabta ba tare da wani ya sa harshe a ciki ba.

Yanzu ga hujjojin ƙuduri. Hujja ta farko ta ce babu sauran mai amfani da waɗannan injuna. Jama'a, ina roƙonku ku tsaya a kan wannan magana ku dube ta da kyau. Wa ya ƙirga? Mu ne fa ƙungiyar da ke bugun ƙirji cewa ba ma leƙen mutane. Mu ne muka rubuta a ƙofar shafinmu na intanet cewa manhajarmu ba ta kai rahoton kowa, ba ta faɗa mana wa ya sa ta, ba ta faɗa mana ina yake. Mun toshe kunnuwanmu da hannunmu, don mutunci, kuma na yarda da hakan har gobe. To, yaya wanda ya toshe kunnensa zai tashi ya ce bai ji motsin kowa a ɗaki ba, saboda haka ɗakin babu kowa? Ni ban san yawansu ba. Garrett bai san yawansu ba. Abin da na sani shi ne lokaci-lokaci wani yakan rubuto daga ƙaramin gidan rediyon wani ƙauye can arewa, ko daga rumbun hatsin wasu manoma, ya yi tambaya guda, ya sami amsa, ya ɓace. Mutumin da injinsa ke aiki lafiya ba ya rubuto wa kowa wasiƙa.

Amma tunda an ce babu kowa, na zo muku da mutum ɗaya. Ga shi can a bakin layi na uku, da hular ulu ja, 'yarsa Solveig tana gefensa. Wendell Aho ke nan, daga garin Two Harbors. Wendell, ɗaga musu hannu, suna kallonka. Wendell makaho ne tun yana saurayi. Ya yi rayuwarsa yana gyara sautin fiyano a coci-coci da makarantu da gidajen mutane a duk gaɓar babban tafkin da garin nan yake bakinsa, kuma ina tsammanin fiyanon da ke bayan labulen can ma ya san hannunsa. A ɗakinsa akwai tsohon inji irin wanda ake so a binne yau, a jikin injin kuma akwai akwatin murya, wanda ba ya shiga jikin kowane sabon inji. Wannan akwati shi ne idon Wendell. Shi ke karanta masa saƙonnin jikokinsa. Shi ke karanta masa labarai, da saƙon kantin magani, da littattafan da yake kwana yana ji, da duk surutun da muke yi a zauren tattaunawarmu, Allah ya ba shi lada.

Kuma Wendell shi ne mai yi mana ɗanɗano. Duk ƙunshin da Alfadari ya haɗa, wurinsa yake fara zuwa. Ya sa shi, ya kashe injin, ya kunna, ya jira. Sannan ya ɗauki waya ya kira ni, kuma maganarsa ba ta taɓa canzawa ba. Ba gaisuwa, ba tambayar gida. Sai dai in ji ya ce, "Tana magana, Noreen." In ce masa, "To madalla, tsoho, gaishe da Solveig." Ya ce, "Ke ce tsohuwa," ya ajiye. Shekara da shekaru, wannan ita ce hirarmu, kuma da wannan hira duk wanda ke da irin injin nan a duniya yake samun manhajar da ba za ta ci amanarsa ba.

Kun san yadda Wendell ya sami labarin ƙudurin nan? Injin ne ya karanta masa. Ya kira ni yana dariya, ya ce, "Noreen, yau akwatina ya karanta mini takardar sallamarsa daga farko har ƙarshe, ko tuntuɓe bai yi ba. Har inda aka ce babu mai amfani da shi, ya faɗa mini da bakinsa." Shi dariya ya yi. Ni ban yi ba. Raina ya ɓaci, kuma har yanzu da nake tsaye a nan bai huce ba.

Kada wani ya ce ai injin ba zai mutu ranar da muka daina ba. Gaskiya ne, ba zai mutu a ranar ba. Amma ku masu sana'a ne, kun san abin da zai biyo baya. Makullan tsaro na duniya suna canzawa, kuma injin da ba a sabunta masa nasa ba, ƙofofi za su riƙa rufewa a fuskarsa ɗaya bayan ɗaya. Yau kantin magani ya ƙi shi, gobe gidan saƙo ya ƙi shi, jibi ɗakin karatu ya ƙi shi. Muryar tana nan, amma babu abin da za ta karanta. Wannan shi ne abin da za ku jefa wa ƙuri'a, ba komai ba.

Hujja ta biyu ta ce ɗanɗano ya tsufa, domin yanzu muna da manhajar kwaikwayo, wadda ke sa babban inji ya yi shigar tsohon inji ya gwada ƙunshin da kansa. Ba na raina ta. Ina amfani da ita, tana rage mini wahala. Amma bari in tuna muku abin da ya faru a hunturun bara, tunda ƙudurin ya manta da shi.

Kun tuna an ce a gwada haɗa ƙunshin tsofaffin injuna a kan manyan injunan nan sababbi da Garrett ya tsara, a ga ko za a huta da Alfadari. Na ce to, a gwada. Aikin da ke cin mini kwana da kwanaki, suka gama shi kafin kofi ya huce. Manhajar kwaikwayo ta gwada, ta ce komai lafiya. Allon rahoto ya yi kore shar daga sama har ƙasa, har wasu suka fara taya juna murna. Abin da ba wanda ya lura da shi shi ne, a tsakiyar haɗawa akwai inda ake tambaya, wane girma ne ma'ajin da inji ke zuba lamba a ciki? Tambayar ta tsohon inji ce, domin shi zai ci. Amma babban injin da ke haɗawa ya ji tambaya, ya dubi kansa, ya ba da amsar jikinsa. Tela ne aka kawo masa ɗinkin wani, ya ɗauki awo ya auna kansa. Kuskure ne irin namu, wanda ba mai yinsa sai mai wannan sana'a, kuma ba na ɗora wa kowa laifinsa. Ita kuwa manhajar kwaikwayo ba ta gano ba, domin ɓarnar ta faɗa ne a kan sashen da ke magana da akwatin murya, ita kuma ba ta da akwatin murya, ba ta taɓa ganinsa ba.

Ƙunshin ya tafi wurin Wendell, kamar yadda al'ada ta ce. Ya sa shi, ya kashe injin, ya kunna, ya jira. Wayata ta yi ƙara ina wanke kwanuka. Na ɗauka ina jiran maganar da na saba ji, sai na ji ya ce, "Noreen, ta yi shiru."

Ku da kuke gani, in injinku ya rikice, kuna duban allo ku karanta abin da ya same shi. Makahon da injinsa ya yi shiru ba shi da ta inda zai fara. Bai san ko ya kunnu ba, bai san ko tambaya yake yi masa ba, bai san ko maɓallin da zai danna zai gyara ko zai ƙara ɓatawa ba. Solveig tana can wurin aikinta a wata jiha. Dusar ƙanƙara ta rufe hanyar gaɓar tafki, sai da motar share hanya ta wuce sannan na samu na isa. Na tarar da shi zaune a gaban injin, hannuwansa a kan gwiwa, ɗakin tsit. Na ce, "Wendell, ka yafe mana." Ya ce, "Yafe me? Ai aikina ke nan. Gara ta yi shiru a ɗakina da ta yi shiru a ɗakin wanda bai san lambar wayarki ba. Ki cire takalmi, kina jiƙa mini daɓe."

Wannan ƙunshi bai kai ga kowa ba bayan Wendell. Ba allon kore ne ya tsayar da shi ba, ba manyan injuna ne suka tsayar da shi ba, mutum ne da ya yarda a fara gwada wuƙa a jikinsa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Yanzu kuma an kawo mana ƙuduri cewa a sallami mai ɗakin, a bar wa hoton ɗaki aikin faɗa mana ko ruwa na zuba. Haba jama'a.

Hujja ta uku ita ce wadda ta fi taɓa ni, domin daga zuciya mai kyau ta fito. An ce, me zai hana a ba Wendell sabon inji kowa ya huta? Bari in faɗi abin da Garrett ba zai faɗa da bakinsa ba. Bayan abin da ya faru, yaron nan ya kira Wendell ya ba shi haƙuri, sannan ya sayi sabon inji da kansa, ya shirya shi tsaf, ya aika masa. Ba wanda ya sa shi, ba wanda ya sani. Wendell ya karɓa, ya gode, ya zauna da shi da niyyar gaskiya. Sai dai kunnen da ya yi shekaru yana bin sautin waya ɗaya-ɗaya a cikin fiyano ya gaji, siririn sauti ya daina shiga masa. Muryar sabon injin siririya ce mai laushi, irin wadda ku kuke jin daɗinta. Ya ce mini, "Noreen, kamar mutum ne ke mini magana da filo a bakinsa. Ina jin yana da ladabi, amma ban san me yake cewa ba." Muryar tsohon akwatin kuwa kauri gare ta, mummuna ce, in kun ji ta za ku ce kwaɗo ne ya faɗa rijiya. Amma ita kunnensa ke kamawa, da ita ya saba, kuma yana fahimtarta da saurin da ni ko kalma ɗaya ba na tsinta. Da tsohuwar zuma ake magani. Sabon injin yana nan a gidansa, jikokinsa suna wasa da shi in sun zo hutu, kuma suna gode maka, Garrett.

Saura hujja ta huɗu, kuma ita ce mai haƙori. Dokar ƙungiyarmu ta ce kowane irin inji sai yana da masu haɗawa biyu, domin in ɗaya ya kwanta ciwo kada aiki ya tsaya. Doka ce mai kyau, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mu biyu ne, ni da Ignatius Wojcik, wanda kuka sani da Iggy, mai rigar nan ta kamun kifi da ba ya cirewa ko a wurin biki. Mun yi shekaru muna faɗa da shi a kan komai, har a kan yadda ake jera suna a fayil. Iggy ya rasu a bazarar da ta wuce. Na yi kewarsa ƙwarai, kuma ban sami wanda zan riƙa yi wa masifa kamarsa ba. Tun daga ranar ni kaɗai ce, kuma a nan Garrett ya fi ni gaskiya: doka ta karye.

Amma ku buɗe dokar ku karanta. Ta ce a samu biyu. Ba ta ce in ɗaya ya mutu a rufe ɗaki a jefar da makulli ba. Tun rasuwar Iggy, wa ya tashi a taro ya ce ana neman wanda zai maye gurbinsa? An aika furanni, an rubuta kalmomi masu daɗi, an yi shiru na minti guda, sannan aka zauna ana jiran tsohuwa ta gaji. To, ban gaji ba. Gwiwoyina sun gaji da matakalar ƙarƙashin gida, amma ni ban gaji ba.

Shugaba, na ji ƙararrawar cikar lokaci. Na ji ta tun karon farko. Ki ajiye ta, 'yata, hannunki zai yi ciwo.

Na san kun gaji, kuma ba na raina gajiyarku. Dukkanmu aikin sa kai muke yi, bayan aikin neman abinci, bayan yara, bayan iyaye marasa lafiya. Na san tsofaffin injuna suna jinkirta fitowa, na san akwai ranakun da kowa ya shirya ana jirana. Amma ku tuna me ya tara mu tun farko. Ba sauri ne ya tara mu ba, kamfanoni sun fi mu sauri. Ba kyau ne ya tara mu ba, sun fi mu iya kwalliya. Abin da ya tara mu shi ne mun ƙi yarda wani ya zauna a ofis mai nisa ya yanke wa mutum ranar da kayansa za su zama shara. Wannan ƙin yardar ita ce dukiyarmu, ba mu da wata. In muka zauna yau a zauren coci muka yi wa Wendell abin da muka gudo daga gare shi, to, mu canza suna, mu cire maganar nan da ke ƙofar shafinmu, domin ta zama ƙarya.

Ku ji da kyau, kada a ce ban faɗa ba. In ƙudurin nan ya wuce, gobe da safe zan sauka ƙarƙashin gidana in kunna Alfadari kamar kullum. Ku cire sunana daga shafi, zan haɗa. Ku rufe mini ma'ajiyar ƙungiya, zan haɗa in kai masa da mota. Ba na neman izinin kowa in yi wa abokina aiki. Amma ni mutum ɗaya ce, kuma shekaruna sun fi na Iggy. Ranar da na bi shi, ɗakin Wendell zai yi shiru, kuma babu wadda zai kira. Wannan ne kaɗai abin da nake tsoro, kuma shi ya sa ban tsaya a gida na yi fushina ni kaɗai ba.

Saboda haka ga abin da ba wanda ya yi tun bazara, ni zan yi shi yanzu. Doka tana son suna biyu. Ga nawa, Noreen Halvorsen. Ina neman na biyu. Ba zan yi muku zaƙin baki ba: aiki ne mai cin rai, ba ya sa a san mutum, ba wanda zai ɗauke ka aiki saboda shi, kuma za ka sha faɗana. Wanda ya yarda, ya miƙe tsaye. Ba na son ɗaga hannu, hannu yana saurin sauka. Ni ma ina tsaye, kuma ba zan zauna ba sai na ga wani, ko da abincin rana zai huce.

Ku daina duban takalmanku, ba su canza ba tun safe.

Garrett. Tsayawa ka yi, ko bayan gida za ka? Ɗaga murya, na baya ba su ji ba. Ya ce tsayawa ya yi. Ya ce shi ya taɓa sa ta yi shiru, ba zai so ya zama shi ne ya sa ta yi shiru har abada ba. To, ɗana, ka san abin da ka ɗauko? Za ka janye ƙudurinka da bakinka a gaban shugaba. Za ka haɗa a kan manyan injunanka in kana so, ban hana ba, amma komai korensu, ba abin da zai fita sai ya bi ta Two Harbors. Kuma yau kafin ka hau jirgi za ka ba mutumin can lambar wayarka, ka ɗauka duk lokacin da ya kira. Ka yarda? Shugaba, ya ce ya yarda, a rubuta kafin ya farfaɗo.

Abu ɗaya ya rage. Kwalin nan da ke kan tebur a gabana, wanda wasu suka zaci kayan miya ne, injin Wendell ne. Solveig ta ɗauko shi a kujerar bayan mota, an ɗaura masa bel kamar jariri. A cikinsa akwai ƙunshin da Alfadari ya gama haɗawa shekaranjiya, ba a ɗanɗana shi ba tukuna, ni kaina ban san abin da zai yi ba. Solveig, kawo mahaifinki. Garrett, zo ka tsaya nan kusa da shi, daga yau kai ma da kai ake jira. Wendell, ga maɓallin a ƙarƙashin hannunka na dama. Jama'a, a yi shiru, yana ɗaukar lokaci kafin ya farka.

Kun ji kwaɗon? Wannan ƙarar da ta sa yaran baya dariya, gaisuwa ce take yi masa. Wendell, kada ka faɗa mini, ni na sha ji. Ga sabon mai haɗawa a gefenka, shi za ka faɗa wa.

Ga waɗanda ba su ji ba, cewa ya yi, "Tana magana, Garrett."

Allah ya jiƙan Iggy, ya sa ya huta. Allah ya ƙara wa Wendell lafiya da ƙarfin kunne, ya yi wa Solveig albarka. Allah ya ba Garrett haƙurin zama da ni. Allah ya raya wannan ƙungiya a kan abin da aka kafa ta, ya kare mu daga ranar da za mu auna jikinmu mu ce mun auna na kowa. Allah ya saka wa masu wannan zaure da alheri, ya buɗe hanyoyi, ya mayar da kowa gidansa lafiya, na kusa da na nesa. Shugaba, ga zaurenki, yanzu kina iya kaɗa ƙararrawarki.

Na gode.